Takalman Jemage a Bakin Ƙofa

Mota ɗaya suke da ita su biyu, wa da ƙane. Tsohuwar tasi ce, fentinta ya koɗe, ƙofar baya ta hagu sai an ɗan ɗaga ta kafin ta yarda ta rufu. Ƙanen ke jan ta da rana, wan da dare. Ba ƙuri'a aka jefa ba. Ƙanen yana da dundumi tun yana yaro, rana na faɗuwa idonsa ke tashi daga aiki, ko turken lantarki ya ci karo da shi sai ya ce masa yi haƙuri. Shi ke nan dare ya faɗo a kan wan, ya kuwa daɗe a cikinsa har 'yan tasha suka manta sunansa na yanka suka koma kiransa Jemage.

Gari na fara haske zai dawo, ya ajiye motar a ƙofar gida, ya rataye makulli a ƙusar da ke bayan ƙyaure, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofar ɗakinsa ya jera su, ya shige. Wannan jera takalman doka ce, kuma shi ya kafa ta da bakinsa tun yaran suna rarrafe, ranar da aka tashe shi don a tambaye shi inda ya ajiye almakashi. Ya ce muddin takalman nan suna nan, kada wanda ya ƙwanƙwasa, kada wanda ya leƙa, sai in gobara ce, ita ma sai ta kama rufi. Gidan ya riƙe dokar fiye da yadda ya zata. Yaran da ita suka tashi, har tafiyarsu a gaban ƙofar ta koma ta kyanwa.

Sai dai bangon ɗakin bulo ɗaya ne, kuma barcin rana ba shi da nauyi. Duk abin da ake yi a falo yana ratsowa ya shiga mafarkinsa. Zai ji ƙarar cokali, ya ji ƙanensa, wanda yara ke ce wa Baba Ƙarami, ya shigo cin abincin rana yana tsokanar matar wansa.

"Matata, yau me kika dafa wa mijinki na gaskiya?"

"Mijin da ko ashana bai taɓa saya ba? Zauna dai ka ci na sadaka."

Sai dariya. Wasa ne na mata da ƙanin miji, Jemage ya sani, ba ya zargin kowa da komai. Amma a mafarkin sai ya ga shi ne zaune a kan kujerar, shi ake yi wa baƙar maganar nan mai daɗi, shi Auta ke hawa wa kafaɗa. In ya farka sai ya ga silin da fanka, bakinsa da ɗaci. An ce kishi kumallon mata ne, amma wanda ya faɗi haka bai ga na namiji ba, don na namiji ba ya fitowa ta baki, ciki yake komawa.

Abin ya fashe ne wani yammaci. Ya fito daga ɗaki da tsohuwar singileti, tawul a wuya, zai wanke fuska ya tafi aiki. A falo akwai wani saurayi mai gyaran wutar lantarki da ke neman auren babbar 'yar Jemage. Jemage ya san da maganar, an gaya masa a tsaye wata safiya yana hamma, amma bai taɓa ganin yaron ba. Yaron yana durƙushe gaban Ƙarami yana "Baba" kaza, "Baba" kaza. Da ya ga Jemage sai ya ɗaga masa hannu daga inda yake.

"Sannu da aiki, Malam. Kai ne direban Baba na dare?"

'Yar ta rufe fuska da gyale ta gudu kicin. Uwarta ta dafe bango tana dariya har da hawaye. Ƙarami ya ce, "Kai yaro, ka kashe kanka. Wannan ai shi ne mai gayya mai aiki, ni ɗan rakiya ne." Yaron ya zube yana ba da haƙuri har goshinsa na taɓa tabarma. Jemage ya ce ba komai, har ya yi 'yar dariya shi ma. Amma ya lura da abu ɗaya: da yaron ya ce wa Ƙarami Baba, ba wanda ya gyara masa. Ya tsaya ya kasa kunne kafin ya fita, ya ji Auta ma haka take cewa. Ashe "Ƙaramin" ya daɗe da faɗuwa daga sunan, ba wanda ya sunkuya ya ɗauka.

Da gari ya waye, maimakon ya shiga gida sai ya tsallaka titi wurin mai faci, wai zai ƙara iska a taya. Mai facin tsoho ne mai surutu, wanda duk tsohuwar jaridar da aka naɗe masa wani abu a ciki sai ya karance ta kafin ya goge hannu da ita. Jemage ya ba shi labarin a matsayin abin dariya. Mai faci ya yi dariyar, sannan ya tsoma tib a bahon ruwa yana neman inda ke kumfa.

"Kada ka ga laifin yaron. Ni kaina da nake gabanku, in aka ce in rantse akwai ka, sai na yi tunani. Da asuba nake ganinka, ido rabi a rufe. Wa ya sani ko mafarkinka nake?"

"Mafarki ne ke biyan ka kuɗin iska?"

"A mafarki ma ana biya, sai ka farka ka ga hannu wayam. Tsaya in tambaye ka. Kai da kake tuƙi cikin dare, ba ka taɓa sauke fasinja ba, daga baya ka rasa ko da gaske ka ɗauke shi ko gyangyaɗi ka yi a bakin hanya?"

Hakan kuwa ya sha faruwa da Jemage.

"To ka gani. Lokacin da ƙanenka ke barci kake yawo, lokacin da ya farka kake ɓacewa. Ni a wurina sunan wannan mafarki. Ƙarami ne ke kwanciya ya yi mafarkin yana da wa mai ganin dare, gari ya waye ya tashi ya ci gaba da gidansa."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi."

"Wasa nake, Jemage."

Wasan ne, amma ya sami wurin zama. Daren nan duka yana juya maganar. Ya mintsini cinyarsa, ya ji zafi, sai ya tuna ya taɓa mintsinin kansa a mafarki ya kuma ji zafin. Ya dubi fuskarsa a madubin mota, ya tuna a mafarki ma yana da fuska. Fasinjoji kuwa ƙeyarsa kawai suke gani, ba mai iya shaidarsa gobe. Duk abin da ya ɗauko don ya kafa hujja da shi, sai ya ga mafarki ma yana da irinsa a shagonsa.

Sai ya yanke shawarar gwada gidan. Ya dawo yadda ya saba, ya rataye makulli, ya jera takalma a bakin ƙofa, ya ja ƙofar ɗakin ya rufe ta ba kowa a ciki. Ya zura silifas ɗin banɗaki ya sulale ya koma wurin mai faci, ya zauna bayan tulin tsofaffin tayoyi, inda yake hango ƙofar gidansa da tagar falo.

"Me kake yi nan?" in ji mai faci.

"Ina so in ga yaushe za a san ba na nan."

"Kai dai ba a yi maka wasa."

Ya ga Ƙarami ya fito yana saka hula, Auta na riƙe da yatsansa, ya sa ta a gaban mota ya kai ta makaranta. Ya ga matarsa ta fito shanya, wani mai tallar bokitai ya ɗaga murya, ta ɗora yatsa a baki ta nuna masa tagar ɗakin da ba kowa. Mai tallar ya rage murya ya wuce. Da rana Ƙarami ya dawo cin abinci, ya kashe injin tun daga nesa ya gangaro da motar don kada ya tashi mai barci. Ta taga Jemage ya hango matarsa ta jefi Ƙarami da tsumman goge hannu, kafaɗunsu na rawa, suna dariyar da ba ta da sauti. Bai taɓa sanin har dariyarsu rage ta suke saboda shi ba, amma hakan bai sanyaya masa rai ba. Takalma ake yi wa ladabin, kuma takalman suna karɓa ba tare da sun nemi taimakonsa ba.

Da yamma ya faki ido ya koma ɗaki, ya fito yana miƙa. Matarsa ta ce, "Ka tashi lafiya? Yau kam ka sha barci." Ya ce lafiya lau.

Washegari ya sake, da wanshekaren ta. Ba barcin rana, ga tuƙin dare. Idanunsa suka yi ja, titi ya fara yi masa ninkaya, fitilun motoci suna rabuwa biyu suna haɗewa. A bayan tayoyin nan yakan rasa ko kallon gidan yake ko mafarkin kallonsa yake. Wata azahar ya ji kamar ya narke gaba ɗaya, ba hannu ba ƙafa, ga gida can yana tafiya daidai, ga takalma na riƙe masa matsayi. Sai Ƙarami ya fito ƙofar gida da ƙoƙon shayi, babban ƙoƙon nan mai tsaga a baki da Jemage ya saya wa kansa tun kafin aure, yana kurɓa yana sosa ciki. Wani abu mai ƙuna ya taso wa Jemage.

Ya riƙe abin ya dube shi da kyau. Titi zai iya zama ƙarya, tayoyi da mai faci da ƙoƙon ma haka. Amma wannan ƙunar ba a kan iska take ci ba, sai da itace wuta ke kamawa. In mafarki ne, to akwai wanda ake ƙonawa a cikin mafarkin, kuma shi ne. Ya ce a fili, "Takalmi dai ba ya kishi."

"Me ka ce?" in ji mai faci.

"Na ce ina nan."

"To wa ya ce ba ka nan?"

Sai ga Ƙarami ya ajiye ƙoƙon ya tsallako titi kai tsaye, ya zagayo bayan tayoyin kamar wanda aka yi wa kwatance. Ya tsaya a kansa.

"Yaya, tashi mu je gida ka kwanta."

"Wa ya gaya maka ina nan? Wannan tsohon?"

"Ba wanda ya gaya mini. Motar ce. Shekaranjiya na ga ka goge gefen dama da wani abu, jiya ka bar fitila a kunne, yau na tarar da ita ƙafa ɗaya a kan dakali. Kai da kake ajiye mota kamar da ma'auni. Na ce mutumin nan ba ya barci. Na leƙa ta tagar baya na ga gado a gyare."

"Ita fa? Ta sani?"

Ƙarami ya sosa ƙeya. "Ban gaya mata ba."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

"Ba ta sani ba, Yaya. Ai kai ka ce kada a leƙa."

Da ma a ce kowa bai sani ba, da ya fi masa sauƙi. A duk gidan, mutum ɗaya ne ya san babu shi a ɗakin, kuma shi ne wanda Jemage ya fi so a ce bai sani ba. Jemage ya miƙe yana kaɗe wando.

"Daga yau na bar dare. Rana nake so."

"Ni kuma fa?"

"Mota ɗaya ce, lokaci biyu ne. Ka ɗauki wanda ya rage."

Mai faci ya ajiye guduma. "Haba Jemage, ka san idon yaron nan."

"Da aka ce ni mafarki ne ban ji ka ce haba ba."

Ƙarami ya daɗe yana kallon ƙasa. Shekarunsa sun kai na mai jikoki, amma a gaban wansa har yanzu hannu a baya yake tsayawa. Ya ce, "To, Yaya. Yadda ka ce."

Jemage ya shiga gida, ya kwashe takalman ya shiga da su ɗaki, ya bar ƙofa a buɗe, ya kwanta. Da ya farka rana ta yi ja. Ya ji tashin motar, ya ji matarsa na cewa, "Ina kuma za ka yanzu?" Ƙarami ya ce Yaya zai yi mata bayani.

Ya fito falo ya zauna a kan kujerar da yake gani a mafarki. Aka kawo abinci. Rabon da ya ci abincin dare a zaune tare da su har ya manta. Babbar 'yar ta zuba masa, ta koma gefe ta takure kamar a gidan surukai. Auta ta zo da littafin makaranta, ta tsaya daga nesa, ta juya ta koma. Kowa a hankali yake magana, cokali ma a hankali ake ajiye shi, sun saba in yana kusa a yi shiru. Ya gwada ba da labarin wani fasinja da ya shiga da agwagwa a jaka. Suka jira ya gama, suka yi murmushi. Auta ta ce, "Baba ya fi iya ba da labari." Yayarta ta harare ta, Auta ta gyara: "Baba Ƙarami."

Matarsa kuwa ba ta ci ba. Da ya gaya mata sabon tsarin ba ta yi musu ba, ta dai ce, "Ka kyauta." Tun daga nan kunnenta na waje. Duk motar da ta wuce sai ta ɗaga kai. Ta tashi ta leƙa taga, ta dawo, ta sake tashi. Ta rufe abincin Ƙarami da faranti, ta buɗe, ta sake rufewa. Jemage yana zaune a tsakiyar falo da jikinsa duka, amma wanda ya fita shi ya cika ɗakin.

Da yaran suka shige, ya ce, "Haka kike yi in na fita?"

"Me?"

"Leƙen taga."

Ta dube shi, ta kuwa san in ta yi ƙarya zai gane. "A'a. Kai ai idonka na gani."

"Ko sau ɗaya?"

"Da farko nakan yi. Har ciwon wuya na yi a tagar nan ina amarya, kana can ba ka sani ba. Da na ga kullum kana dawowa sai na koyi barci." Ta tattara kwanuka. "In kana so a riƙa tsaya maka a taga, sai ka makance. Amma in yaron nan ya hau kan ɗan mutane, ka san wanda ya aike shi."

Ya tashi ya sa takalmansa ya fita. Bai yi nisa ba. A ƙarshen layin, ƙarƙashin fitilar titi ta ƙarshe, ga motar a tsaye, injin na aiki. Wani mutum da jaka yana buga gilashi yana faɗa, Ƙarami na ba shi haƙuri wai mota ba lafiya. Mutumin ya yi tsaki ya wuce. Jemage ya buɗe ƙofar direba. Ƙarami ya ɗago yana ƙifta ido, bai gane shi ba sai da ya yi gyaran murya.

"Yaya? Na zo har nan lafiya. Daga nan ne ban ga inda titin ya yi ba. Ina jira ne ko idon zai saba."

"Shekara nawa kana jira ya saba? Fito."

"Ka ce rana kake so."

"Har yanzu ina so. Fito na ce."

Ƙarami ya fito yana lalube. Jemage ya juya shi ya ɗora masa hannu a katangar gidajen layin. "Bi bango. Kuma ƙoƙon nan mai tsaga nawa ne, kada in ƙara ganin sa a bakinka."

"Wane ƙoƙo?"

"Ka san shi."

Ya shiga ya juya motar, ya haska masa hanya da fitilu, yana bin sa a hankali. Ƙarami bai kai ga ƙwanƙwasawa ba aka buɗe ƙofar, haske ya zubo waje, hannun matarsa ya kamo hannun rigar ƙanensa ya ja shi ciki, muryarta na yi masa faɗa irin na wanda aka ji tsoro dominsa. Ba ta dubi motar ba. Ƙunar nan ta sake taso wa Jemage, ba ta ragu ko kaɗan ba.

Tun da ya fara tuƙin dare bai taɓa yin hon a layin nan ba, saboda haƙƙin maƙwabta. Ya ɗora tafin hannu a kai ya danna, ya ƙi ɗagawa. Karnuka suka ɗauka. Tagogi suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta fito bakin ƙofa, yaran a bayanta, har Auta, duk suna kallonsa. Daga saman bene wani maƙwabci ya leƙo.

"Wane mara mutuncin ne wannan?"

Wata tsohuwa daga ɗaya gefen ta ce, "Jemage ne, mijin mai shanya. Ashe yana da rai."

Ya ɗaga hannu daga hon ɗin, ya leƙo da kai ta taga yadda fitilar ƙofar gida za ta haska fuskarsa sosai.

"Gobe a tashe ni cin abincin rana," ya ce wa matarsa.

"Takalman fa?"

"A tsallake su."

Ya sa giya ya tafi neman mutumin nan mai jaka.